Yadda ake shafa wa tagulla mai kafin a matse ta a turmi ko a ja ta waya

Idan faifan tagulla ya shiga ramin ƙarfe ya maƙale, ko gindinsa ya ɓalle ya bar zobe a bakin rami, wanda ake fara zagi shi ne mai sayar da ƙarfe, wai ya ba da tagullar banza. Sau da yawa ba laifinsa ba ne. Ka ɗauki abin da ya lalace ka duba jikinsa a hasken rana. In ka ga zane-zane a tsaye kamar an ja shi a kan yashi, mai ne ya yi kaɗan ko kuma datti ya shiga cikinsa. In ka ga ɗan loɓawa mai santsi a gefe, kamar an danna da yatsa, mai ne ya yi yawa. Wannan jagora ta maƙeran fari ce da masu ƙananan shaguna a Agege, Idi-Araba, Mile 12 da kewaye a Legas, masu yin murfin kwalbar turare, bakin kube, kan sanda, ƙararrawar kayan doki, da masu jan waya don sarƙa da zobe.

Mu daidaita sunaye tukuna. Ƙarfen da ke da rami za mu kira shi turmi. Sandar ƙarfen da ke tura tagulla cikin ramin ita ce taɓarya. Zoben da ke danne gefen faifai don kada ya tattare shi ne madanni. Abin da ke ba da ƙarfin matsi a yawancin shagunanmu jak ɗin mota ne da aka ɗaura a firam ɗin ƙarfe.

Tagullar da ke karɓar matsi da wadda ba ta karɓa

Babu man da zai ceci tagullar da ba ta dace ba. Wadda ta fi miƙewa a sanyi ita ce mai jan ƙarfe kashi 70 da tutiya kashi 30. Mai kashi 63 da 37 ma tana yi, sai dai tana saurin taurara, don haka za ka fi yawan kai ta wuta. Mai kashi 60 da 40 ta aikin zafi ce. Wadda ke yaudarar mutane ita ce ta kan famfo, bawul da mahaɗin bututu, irin wadda ke cika buhunan 'yan bola. A cikinta akwai dalma wajen kashi 3, an saka ta ne don ta yanku da sauƙi a injin fere ƙarfe, amma da ka matse ta a sanyi sai ta tsage kamar busasshiyar ƙuli-ƙuli. In za ka sayi falle a kasuwar ƙarafa ta Owode Onirin, yanki ɗan siriri ka lanƙwasa shi gida biyu da awartaki. In bayan lanƙwasar ya fito sumul, saya. In ya yi ƙananan tsaga, ko dai tana da tauri tana buƙatar wuta, ko kuma irin mai dalma ce. Gasa ɗan yankin ka sake gwadawa, amsar za ta fito.

Wani abu kuma game da buhun bola: akan tsinci kwanson harsashi a ciki. Kada ka kai shi kusa da wuta ko guduma, domin ba ka da tabbacin ya riga ya tashi. Dokar makamai ta Najeriya ta 1959 ta hana riƙe harsashi ba lasisi, saboda haka hanyarsa ofishin 'yan sanda ce, ba tukunyar narki ba.

Wane mai?

Aikin mai a nan ba sanyaya ƙarfe ba ne. Aikinsa ya tsaya tsakanin tagulla da bakin turmi a lokacin da nauyin tan biyu ko uku ke neman matse shi ya fita. Shi ya sa mai ruwa-ruwa ba ya yi. Kananzir, man keken ɗinki da man feshin nan na warware tsatsa duk suna gudu da zarar matsi ya zo, a bar ƙarfe da ƙarfe suna cizon juna.

Lanolin, wato maiƙon da ake cirowa daga gashin tumaki, shi ne gaba. Yana manne wa tagulla, kuma ko siririnsa yana jure matsi. Ana samunsa wurin masu sayar da sinadarai a Ojota da masu kayan haɗa man shafawa. Nemi wanda ba a gauraya shi da ruwa ba.

Kakin zuma shi ne na jan waya. Yana narkewa a wajen digiri 62 zuwa 64, don haka zafin Legas ba ya narkar da shi a kan tebur, amma zafin gogar waya yana tausasa shi daidai inda ake so. Kyandir yana iya tsayawa a madadinsa, sai dai yana ɓarɓashi ya zube kafin waya ta kai rami.

Ruwan sabulu tsohon abu ne a masana'antun tagulla, kuma shi ya fi arha. Kankare sabulun wanki na sanda giram 50 a rabin lita na ruwan ɗumi, ka dama har ya yi kamar kunu marar kauri. Omo da danginsa ba sabulu ba ne a wannan ma'ana, ba su da maiƙon da ake nema.

Kitsen rago da aka narkar aka tace yana aiki sosai, kuma wanda ke kusa da kasuwar raguna ba zai rasa shi ba. Matsalarsa wari da ƙudaje bayan kwana kaɗan. Man kaɗanya yana yi a aiki marar zurfi, amma a shago mai rufin kwano da tsakar rana yakan zama ruwa, sai ka shafa fiye da kima ba ka sani ba. Man ja a bar wa miya: in ya kwana a jikin tagulla sai ta yi kore.

Biyu ne za ka nisanta gaba ɗaya. Baƙin mai da aka juye daga injin mota cike yake da garin ƙarfe, kowane matsi kuwa sai ya karce maka turmi. Man giya kuma yawancinsa yana da farar wuta a ciki, wadda ke baƙanta tagulla, musamman in ta ji zafi.

Haɗa lanolin na feshi

Shafa lanolin da yatsa yana yi in faifai goma ne. In ɗari biyu ne, a tsinka shi.

Nemi sifirit mai ƙarfin kashi 99, irin wanda masu gyaran wayar salula ke wanke allonta da shi. Na kemis mai kashi 70 sauran kason ruwa ne, lanolin ba ya narkewa a ciki da kyau, sai ya dunƙule ya toshe bakin feshi. Awo shi ne lanolin kashi 1, sifirit kashi 10 zuwa 12. Wato cokalin shayi biyu na lanolin, mililita 10, a sifirit mililita 100 zuwa 120. In lanolin ɗin mai kauri ne kamar man shanu, sa kwalbarsa a ruwan zafi ya narke, yana narkewa a wajen digiri 40. Zuba shi a sifirit nesa da wuta, nesa da janareta, nesa da mai shan sigari. Jefa ƙaramin bol ɗin boris mai tsabta a cikin kwalbar don ya taimaka wajen girgizawa, domin haɗin yana rabuwa in ya zauna. Kullum girgiza kafin feshi.

Matsa faifai a turmi, mataki-mataki

Mu ɗauki misali ɗaya mu bi shi har ƙarshe: murfi mai faɗin milimita 30 da zurfin milimita 15, daga falle mai kaurin milimita 0.8.

Na farko, girman faifai. Ninka faɗi da kansa: 30 sau 30, 900. Sannan 4 sau faɗi sau zurfi: 4 sau 30 sau 15, 1800. Haɗa su, 2700. Lambar da in ka ninka ta da kanta za ta ba da 2700 ita ce wajen 52. To faifanka milimita 52 ne, ka ƙara ɗaya ko biyu na gyaran baki. Daga 52 zuwa 30 ragin kashi 42 cikin ɗari ke nan, kuma tagulla mai laushi tana ɗaukar wannan a matsi guda. In lissafi ya nuna faifai ya fi ninki biyu na faɗin taɓarya, kada ka yi taurin kai, raba aikin turmi biyu, na biyun ya rage kashi 20 zuwa 25 kawai, da wuta a tsakani.

Na biyu, duba turmin kansa. Tazarar da ke tsakanin taɓarya da bangon rami a kowane gefe ta ɗan fi kaurin falle, wajen milimita 0.9 a misalinmu. Bakin ramin kada ya zama mai kaifi. A zagaye shi da lanƙwasa ta milimita 4 zuwa 6, a goge shi da takardar yashi mai lamba 600, sannan 1200, har ya yi ƙyalli. Goga ta bi hanyar da tagulla za ta bi, daga sama zuwa ciki, ba zagaye ba. Sai kuma abin da masu yin turmi a gida suka fi mantawa: ɗan ramin iska na milimita 1 zuwa 2 da ke ratsa tsakiyar taɓarya ya fita ta gefe. In babu shi, murfi zai manne wa taɓarya kamar ƙahon wanzami.

Na uku, gyara faifai. Bi gefensa da magagari ka cire ƙaiƙayin yanka. Wannan ƙaiƙayin shi ke karyewa ya shiga mai ya yi zane. Wanke faifan da ruwan sabulu, ka shanya. Lokacin hunturu, da ƙura ke sauka a kan komai, rufe su da tsumma mai tsabta har lokacin aiki.

Na huɗu, shafa mai, kuma a nan ne aikin yake. Jera faifan a tire, fuskar da za ta kalli turmi tana sama. Fesa sau biyu ko uku daga nisan taƙi guda. Sai ka jira. A rani minti biyar ya isa sifirit ya tashi. Da damina, da iskar Legas ke jiƙe sharkaf, ba shi minti goma ko fiye. Wanda ya matsa faifai yana da danshin sifirit, daidai yake da wanda bai shafa komai ba, domin lanolin bai zauna ba tukuna. Gwaji shi ne ka taɓa da yatsa: ka ji ɗan danƙo, ka ga sawun yatsanka, amma kada ka ga mai yana ƙyalli ko yana taruwa a gefe. In da yatsa kake shafawa, abin da ya kai ƙwayar gero ya ishi faifai ɗaya na wannan girman.

Ina ake shafawa? Fuskar da ke goga da bakin turmi, ita ce ke buƙatar mai sosai. Ɗaya fuskar kuma, gefenta kawai, inda madanni ke dannawa. Tsakiyar da kan taɓarya zai zauna a kai a bar ta kusan a bushe. Dalili shi ne ana so tagulla ta kama kan taɓarya ta bi ta, ta zame a kan turmi. In ka mulke kan taɓarya da mai, tagullar da ke gindin murfi sai ta riƙa zamewa tana miƙewa tana sirancewa a kusurwa, daga nan sai gindi ya ɓalle. Mutane da yawa in gindi ya ɓalle sai su ƙara mai ko'ina, abin ya ƙara lalacewa.

Sabon turmi ko wanda aka wanke, shafa masa mai kaɗan a baki kafin faifan farko. Faifan farko shi ya fi maƙalewa saboda ya tarar da ƙarfe tsirara.

Na biyar, matsi. Daidaita faifai a tsakiya, ɗaure madanni da kusoshinsa daidai wa daida, ɗaya nan ɗaya can kamar ɗaurin tayar mota. Murfin misalinmu yana buƙatar wajen tan biyu da rabi zuwa uku, don haka jak mai tan 6 ya wadatar. Buga jak a hankali ba tsayawa. Hannunka zai gaya maka labari: nauyi ya hau, ya kai ƙololuwa a kusan kashi ɗaya cikin uku na tafiyar, sannan ya fara sauka. In ka ji nauyi yana ta hawa, ko ka ji ƙara kamar ƙofar da ba ta sha mai ba, tsaya nan take. Sassauta, fito da shi, duba. Ci gaba da bugawa a wannan hali shi ke haifar da maƙalewar da ke cin rabin yini.

Bayan kowane faifai ashirin ko talatin, goge cikin turmi da tsumma, ka zura siririyar waya a ramin iska. Mai yana taruwa a hankali, kuma in turminka mai rufaffen gindi ne, nan zai kwanta. Mai ba ya matsuwa. In ya rasa hanyar fita, tagulla ce za ta ba shi wuri, shi ne loɓawar da aka ambata a farko.

In gefen murfi ya tattare kamar bakin zani, wannan ba maganar mai ba ce, madanni ne ya yi sako-sako. In kuma gindi na ɓallewa alhali mai daidai yake, sassauta madanni kaɗan, ko ka duba ko bakin turmi ya yi kaifi.

In ya riga ya maƙale

Kada ka sa kurfi ko sukundireba tsakanin tagulla da bangon turmi. Murfi ɗaya ba komai ba ne, amma karce ɗaya a turmi zai fito a jikin duk abin da za ka matsa nan gaba. Ɗiga kananzir a zagayen bakin, ka bar shi rabin awa. Juya turmin, ka tura daga baya da sandar tagulla ko ta katako mai tauri, da jak, ba da guduma ba. In murfin a kan taɓarya ya manne, ɗumama shi kaɗan. Tagulla ta fi baƙin ƙarfe saurin buɗewa da zafi, sai ya saki. Bayan ya fita, duba bakin turmi. Za ka ga ɗigo-ɗigon rawaya manne a jiki, tagulla ce ta liƙe. Sai ka goge su tas da takarda mai lamba 1200, in ba haka ba faifai na gaba ma zai kama a wurin.

Jan waya

Nan abin ya fi sauƙi. Ɗaure farantin ramuka, wato ƙarfe mai jerin ramuka daga manya zuwa ƙanana, a bais, faffaɗan bakin ramukan yana ɓangaren da waya za ta shiga. Fere kan waya da magagari tsawon santimita biyu har ya leƙo ta ramin. Ɗan ɗumama wayar, ka ja ta a kan dunƙulen kakin zuma sau biyu. Kama kan da awartaki ka ja da jiki gaba ɗaya, tafiya ɗaya ba tsayawa, domin duk inda ka tsaya sai ya bar gaɓa. Kada ka tsallake rami. Sake shafa kaki a kowane rami, ka riƙa sokace ramukan da tsinke saboda kakin da ya haɗu da garin tagulla. Bayan rami uku ko huɗu waya za ta fara bijirewa, tana nannaɗewa da kanta kamar sifirin. Lokacin wuta ya yi, ƙarin kaki ba zai yi komai ba. Ka kuma tanadi fili: wayar milimita 2 in ta koma milimita 1, tsawonta ya ninka huɗu.

Wanki kafin wuta, da wanki bayan wuta

Duk tagullar da aka matsa ko aka ja tana taurara, kuma wuta ce kawai ke mayar mata da laushi. Amma kada ka kai ta wuta da mai a jiki. Lanolin da kaki in sun ƙone suna barin baƙin tabo mai wuyar fita, kuma in za ka yi lahami daga baya, ba zai kama wurin ba. Ruwan sabulu yana fita da ruwan zafi. Lanolin da kitse suna son ruwan zafi da omo, ko a goge da sifirit. Kaki kuwa a tsoma wayar a tafasasshen ruwa, zai taso sama.

Gasa a inuwa, inda za ka ga launi. Da ta yi ja mai duhu, wajen digiri 600 zuwa 650, janye wuta. In ka bari ta yi ja mai haske, ƙwayoyin ƙarfen za su yi girma, in ka matsa sai jikin ya fito gurza-gurza kamar ɓawon lemo. In ka ga farin hayaƙi, tutiya ce ke ƙonewa, kuma shaƙarsa na kawo zazzaɓi da ciwon jiki da dare. Tsoma ta a ruwa ko ka bar ta ta huce, duk ɗaya ne. Tagulla ba ta taurara da ruwa kamar baƙin ƙarfe.

Baƙin ɓawon da wuta ta bari dole ya fita kafin a sake shafa mai, domin yana da kaushi kamar yashi. Jiƙa a ruwan tsami mai ɗumi: garin tsamin lemo na masu sinadarai giram 100 a lita ɗaya, ko ruwan tsamiya mai kauri in shi ke kusa. Kwanon roba ko na tangaran, kuma kada ka sa awartakin baƙin ƙarfe a ciki, yana sa jan ƙarfe ya hau jikin aikin. Ɗauraye, tsoma a ruwan kanwa marar ƙarfi don ya kashe tsamin, sake ɗaurayewa, ka busar sosai.

Tsagewar damina

Akwai murfin da zai fito lafiya lau, a ajiye shi, bayan wata biyu a tarar ya tsage daga baki zuwa ƙasa ba wanda ya taɓa shi. Sojojin Ingila a Indiya sun sha fama da wannan a kwanson harsasansu na tagulla da aka ajiye a bargar dawaki lokacin damina, sai a 1921 aka tabbatar da dalili: amoniya daga fitsarin dawaki, da danshi, da kuma gajiyar da matsi ya bari a cikin ƙarfen. Legas ta haɗa duka ukun. Shagon da ke bakin kwata, ko kusa da bayan gida, ko kusa da turken raguna, iskarsa na ɗauke da amoniya. Yawancin man goge tagulla na gwangwani ma akwai ta a ciki, hancinka zai gaya maka.

Maganin shi ne bayan matsi na ƙarshe da wanki, ka ɗumama kayan a digiri 250 zuwa 300 na wajen awa ɗaya. Wannan zafin bai kai ya tausasa su ba, gajiyar kawai yake cirewa. Oban ɗin gasa burodi mai ma'aunin zafi yana yi in yana kaiwa 250. Bayan sun huce, goge su da tsumma mai ɗan kakin zuma, ka zuba a leda ko bokiti mai murfi, a ɗora a kan kanta, ba a ƙasan siminti ba. Turmi da taɓarya kuma a shafe su da ragowar lanolin ɗin kafin a tashi, domin a unguwannin da ke kusa da ruwa kamar Obalende, dare ɗaya ya isa tsatsa ta hau bakin da ka ɓata awa guda kana gogewa.